Wa Ke Mulkin Birnin Kano? Amsoshin Tambayoyin da Suka Ƙi Ƙarewa

Tun da na ajiye aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, babu ɗaurin aure ko zaman makokin da zan je ba a tare ni da waɗannan tambayoyi ba, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Na tattara su a nan domin duk wanda ya sake yi mini su in ce ya je ya karanta.

Tambaya: Wane ne shugaban birnin Kano?

Amsa: Babu shi. Birnin a rabe yake tsakanin ƙananan hukumomi takwas, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowacce da ciyaman ɗinta da kansilolinta da ma'ajinta, kuma babu wanda ke ba wani umarni. Takwas ɗin nan suna cikin 44 na jihar Kano, cikin 774 na Najeriya. Wanda ikonsa ya game birnin baki ɗaya shi ne gwamna.

Tambaya: Ba hakimi ne ke ba da aikin kwalbati da makaranta ba?

Amsa: A'a, zamanin En'e ya wuce. Gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ya raba sarakuna da gudanar da mulki da riƙe baitulmali. Amma kada wannan ya sa ka raina mai unguwa, domin ranar da za ka nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ta hannunsa da na dagaci da na hakimi za ka bi.

Tambaya: Shara ta cika mana layi. Aikin wane ne kwashe ta?

Amsa: A takarda aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukanta, tare da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da magudanan ruwa da fitilun titi da sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba. A aikace kuwa, a cikin birnin Kano hukumar REMASAB ce ke tura motocin shara, ita kuma ta gwamnatin jiha ce. Haka abin yake a kusan kowane fanni: tsarin gine-gine na hannun KNUPDA, zirga-zirgar ababen hawa na hannun KAROTA, manyan kasuwanni irin su Sabon Gari da Kantin Kwari kuma gwamna ne ke naɗa masu gudanar da su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun da kwata ɗaya takan ratsa ƙananan hukumomi biyu ko uku, kuma babu ciyaman ɗin da zai kashe kuɗinsa wajen yashe rabon maƙwabcinsa. Sai dai bari in faɗi wadda ba a son ji. Na sha ganin mutumin da ya fi kowa zagin hukuma, da hadari ya haɗo sai ya tura yara da bokitin shara su juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kuma da ake tsaftar muhalli ya kulle ƙofa ya yi barcinsa. Malam, ledar da ta toshe kwalbatin layinku ba daga sakatariya aka kawo ta ba.

Tambaya: Ruwan famfo da wutar lantarki fa?

Amsa: Ruwa na Hukumar Ruwa ta jiha ne, daga matatun Tamburawa da Challawa da sauransu. Wuta ta kamfanin KEDCO ce. Ciyaman yana iya haƙa rijiyar burtsatse ko ya sayi taransfoma don taimako, amma ba shi ke sakin ruwa ko kawo wuta ba, saboda haka a daina tare shi a masallaci.

Tambaya: Yaya aka tsara cikin ƙaramar hukumar kanta?

Amsa: Ɓangare biyu ne na 'yan siyasa. Akwai ciyaman da mataimakinsa da sakatare da kansiloli masu gafaka, waɗanda naɗa su ake yi domin kowannensu ya sa ido a kan wani sashe. Akwai kuma majalisar zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, masu yin dokokin cikin gida da amincewa da kasafin kuɗi. A ƙarƙashinsu ma'aikatan dindindin suke, a sassan mulki, kuɗi, ayyuka, lafiya, gona da walwalar jama'a, kuma su ne suka san inda kowane fayil yake kwana.

Tambaya: Na sayi fili a sabuwar unguwa ta awon igiya, na yi gini, mun zama ɗaruruwan gidaje, amma babu hanya, babu kwata, babu makaranta. Wa za mu kai wa kuka?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a tsaya a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa, domin ya danganta da inda unguwar take da yadda aka yanka ta. Da farko a fahimci asalin matsalar. Birnin ya bazu ne ta hanyar masu gonaki da dillalai da suka yanka gonaki da igiya suka sayar, musamman a Ungogo da Kumbotso, yanzu ma har ya soma shiga Gezawa da Dawakin Kudu. Mai yanka gona kuwa kowane taku kuɗi ne a wurinsa, saboda haka da wuya ya bar wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, layin ma sau da yawa mota ɗaya ce take iya bi. Na taɓa raka injiniya wata irin wannan unguwa, ya shimfiɗa tef ɗinsa daga bango zuwa bango, ya ɗaga kai ya ce idan aka gina kwata gefe biyu, abin da zai rage sai dai amalanke ta wuce. Mutanen layin suka yi tsit, domin kowa ya san dakalin waye ya cinye hanyar.

Abu na biyu shi ne dokar ƙasa ta 1978, wadda ta sanya filayen da aka ayyana a matsayin birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a ƙasar da ba birni ba. To unguwarku tana iya kasancewa a ido ƙauye ce jiya, amma a taswirar gwamnati ta daɗe da shiga birni, wanda ke nufin takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa ka saya, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Kada hankalinka ya tashi, dubban gidaje a haka suke, kuma akan buɗe ƙofar daidaita takardu lokaci zuwa lokaci. Sai dai ba zan iya ba ka tabbacin cewa naka zai shiga ba, musamman idan gininka ya hau hanyar ruwa ko yana ƙarƙashin babban layin lantarki.

Shawarata, wadda na ga ta yi aiki wani lokaci, wani lokaci kuma ta ci tura, ita ce ku fara da kafa ƙungiyar ci gaban unguwa ku yi mata rajista, domin hukuma ta fi sauraren takarda mai hatimi a kan mutum ɗaya mai ɗaga murya. Ku zaɓi buƙata ɗaya, kada ku jera goma. Ku rubuta wa ciyaman ta hannun kansilanku, mai unguwa da dagaci su sa hannu, ku kai sakatariya a buga muku tambarin karɓa a kwafinku, ku adana shi. Ƙaramin kwalbati, cikon burji ko rijiyar burtsatse suna cikin abin da ƙaramar hukuma za ta iya, idan kun shigar da buƙatar kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa. Titin kwalta da babban magudani kuwa kusan kullum sai jiha, don haka ku haɗa da ɗan majalisarku na jiha. Makarantar firamare tana bi ne ta ofishin sakataren ilimi zuwa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kuma tambayar farko da za a yi muku ita ce ina filin. Idan akwai kangon da ya rage a unguwar, ku yi karo-karo ku saye shi tun yanzu, kafin a mayar da shi shaguna.

Tambaya: Ina kuɗin ƙananan hukumomi suke tafiya?

Amsa: Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma ta nan kuɗin suka riƙa bi shekara da shekaru, a cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da ayyukan haɗin gwiwa, sannan a miƙa abin da ya saura. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye, kuma kada a ba da kuɗin ga shugabannin da ba zaɓaɓɓu ba. Yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban, don haka kafin ka kira ciyaman ɓarawo, ka fara tambayar nawa ne ya iso hannunsa.

Tambaya: Tun da mutane sun yi yawa, me ya hana a ƙirƙiro mana sabuwar ƙaramar hukuma?

Amsa: Rabon da a ƙirƙiri sababbi tun 1996. Sunayensu suna cikin kundin tsarin mulki, kuma ba a ƙara ko ɗaya sai da hannun Majalisar Tarayya. Legas ta gwada a 2003 ta ƙirƙiri 37, gwamnatin Obasanjo ta riƙe mata kuɗin ƙananan hukumomi, har yau kuma ba su shiga jerin 774 ba.

Tambaya: Ta yaya zan san kansilana?

Amsa: Duba katin zaɓenka, sunan mazaɓarka yana jiki, sannan ka tambayi mai unguwa. Hukumar KANSIEC ce ke shirya zaɓensa, ba INEC ba, kuma da ka fita zaɓen ranar 26 ga Oktoba, 2024, da ba ka yi mini wannan tambayar ba.

Tambaya: Tun da ka san mutanen ciki, ko za ka yi mini hanya a ɗauki ɗana aiki?

Amsa: Na yi ritaya, ni ma fanshona nake bi.