Barin laptop a caji bayan batir ya cika

An daɗe ana cewa idan batirin laptop ya cika aka bar caja a jone, wuta za ta yi ta shiga har ta ƙona shi. Ba haka abin yake ba. Akwai wani ɗan ƙaramin cif na lantarki a cikin laptop ɗin, ana ce masa EC, mai kula da caji, fanka da madannai. Batir na cika, ake datse cajin. Manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows da Linux, tambayarsa suke ta hanyar wata 'yar manhaja da ake kira direba, su nuna maka kashi nawa ya rage.

Gwada: kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka jona caja. Fitilar caji za ta kama, alhali Windows ba ya aiki, ka ga ke nan ba Windows ne ke kula da cajin ba.

Zafi da daɗewa a 100% ne ke tsufar da batir, shi ya sa wasu kwamfutocin ke da zaɓin tsayawa a 80%.

Don Allah a tura wa wasu.