Septrin ba gyaɗa ba ce, a daina sayen ƙwaya biyu

Iyaye mata da masu gida, yau maganata a kan Septrin ce, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, kuma raina a ɓace yake. Da wuya ranar kasuwa ta wuce ba a kawo mini yaro mai gudawa ba. Idan na tambayi uwar me aka ba shi, sai ta kwance bakin zani ta nuna mini guntun kati: "Rabi na ba shi jiya, rabi shekaranjiya." Ga kuma baiwar Allah mai ciwon sanyi, fitsari yana yi mata zafi. Duk sanda ya taso sai ta aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya biyu, ta sha ya lafa. Wannan karon ta shanye kati guda, ciwon ko gezau.

Na san halin da ake ciki, kuɗin mota zuwa asibiti ma aiki ne. Amma wallahi ƙwaya biyun nan ita ke kashe mana maganin.

Ku ji dalili a taƙaice. Ƙwayoyin bakteriya ba sa hayayyafa sai da folet, wato bitamin B9, irin wanda muke ba masu ciki ranar awo. Mu a abinci muke samunsa, ganye da wake da hanta. Su kuwa da kansu suke ƙera nasu, da wani ɗan sinadari mai aiki kamar inji da masana ke kira DHPS. A 1997 aka gano siffarsa: kamar 'yar ganga take mai ginshiƙai takwas a ciki, a bakinta akwai gurbin da kayan haɗin bitamin ɗin ke zama. Maganin salfa da ke cikin Septrin yana kama da kayan haɗin nan, sai ya shige gurbin ya ɓata aikin. Abokin haɗinsa, tirimetofirim, ya tare mataki na gaba. Jikin ɗan Adam ba shi da injin DHPS ɗin da salfa ke ɓatawa, shi ya sa tun 1935 da likitan Jamus Gerhard Domagk ya fito da maganin salfa na farko ake cin moriyarsa.

To, idan aka sha biyu aka ajiye fa? Ƙwayoyin bakteriya masu rauni ne suke mutuwa. Waɗanda bakin gurbinsu ya ɗan sauya, ya daina karɓar salfa amma yana karɓar kayan haɗin, su ne ke saura su cika hanji. Har miƙa wa junansu wannan dabara suke yi. Daga nan ta bayan gida da ruwan sha da hannun da ba a wanke ba su isa gidan maƙwabta. Yaron da bai taɓa shan Septrin ba sai ya kamu da cutar da ba ta jin Septrin. Wannan ba ɗaukar alhaki ba ne?

Ku tuna da masu ɗauke da cutar HIV da ake ba su maganin nan kullum don ya tsare su daga ciwon huhu. Da shi suke rayuwa, mu kuma muna watsa shi a kan mura. Mura ba ta jin Septrin, jama'a! Yawancin gudawar yara ma haka. Na faɗa a ɗakin awo, na faɗa a wurin suna, zan kuma sake faɗa.

Abin da nake roƙo:

- Kada a saya sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, balle a wurin mai talla a faranti cikin rana.
- In an rubuta, a sha safe da yamma har kwanakin su cika, da ruwa mai yawa.
- Gudawar yaro: ruwan gishiri da sukari na ORS, da zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono. In da jini a kashin, a kawo shi.
- Mai ciki da jaririn da bai kai mako 6 ba, kada a ba su da ka.
- Mai shan Septrin kullum kada ya haɗa da Fansidar, maganin zazzaɓin cizon sauro, danginsu ɗaya.
- In ana shan sa aka ga ƙuraje, ko gyambo a baki da ido: a tsaya, a garzayo asibiti a ranar.

Ita mai ciwon sanyin sai da muka tura ta babban asibiti gwajin fitsari. Maganin da aka rubuta mata ya ninka Septrin tsada, mijinta sai da ya sayar da akuya.