Sojan ruwa a garin da ake sayen ruwa

Wani dare a fadarmu ta Zango, shayi na biyu yana kan gawayi, wani ƙanenmu ya miƙo waya muka yi cincirindo a kanta. Ƙatuwar motar yaƙi ce ta sulalo daga gindin jirgi ta faɗa teku tsulum, ruwa ya rufe ta, can sai ga ta ta taso tana iyo ta nufi gaɓa. Yaron ya ce, "Yaya, mu da ke bin layi da jarka a famfo, ina ruwanmu da sojan ruwa?" Aka tuntsire da dariya. Wani dattijo cikin mazan jiya da kan zauna da mu bai ko murmusa ba. Ya ce, "Ɗana, je ka tambaya su wa suka ci Damagaram."

Dattijon yana da gaskiya. Rundunar da ta taso daga bakin Kwara a 1899 tana ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya a Lugu, jagoranta Kapitan Voulet hafsa ne na dakarun da Faransa ke kira sojan ruwa. Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da ɓarnar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, shi ma nasu ne, daga sashen igwa. Haka Laftana Joalland, ɗaya daga cikin waɗanda suka ja ragowar dakarun bayan sojoji sun juya sun kashe Voulet da mataimakinsa Kapitan Chanoine a wajejen Maijirgi. Su ne suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli, suka shiga Birni da sunan ɗaukar fansar Kapitan Cazemajou da aka kashe a nan a watan Mayun 1898.

To me ya kawo sunan ruwa cikin rairayi? A lokacin, duk ƙasar da Faransa za ta mallaka sai ta jirgi ake isa gare ta, don haka dakarun mamayar suna ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa. Asalinsu yana komawa 1622, zamanin Richelieu, babban limamin cocin da ya zama babban ministan Faransa. A 1900 aka mayar da su ma'aikatar yaƙi da sunan sojan mulkin mallaka, a 1961 suka karɓi tsohon sunansu, amma tambarinsu bai canza ba: anga, ƙugiyar nan da ke tsayar da jirgi. Wanda ke da hoton kakansa na aikin sojan Faransa ya duba wuyan rigar da kyau, mai yiwuwa ya ga angar, a jikin mutumin da watakila bai taɓa ganin teku ba sai ranar da aka loda shi a jirgi.

Faransa ba ita ta fara ba. Sifaniya ta kafa nata a 1537, Ingila a 1664, Amurka a 1775. Aikinsu na farko a kan jirgi yake: harbi daga saman jirgi, tsallakawa jirgin abokan gaba, da tsare hafsoshi idan matuƙa sun yi bore.

Wahalar ta bayyana ne da aka ce su sauka gaɓar da maƙiyi ya riga ya girke bindigogi. A Galifoli, gaɓar ƙasar Turkiyya, a 1915, cikin buɗaɗɗun kwalekwale aka tura mutane, Turkawa suka yi ta ɗauke su tun ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa ba. Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Wani attajirin Amurka, Donald Roebling, ya ƙera mota mai tafiya kan sarƙa irin ta katafila don ceto mutanen da guguwa ta rutsa da su a fadamun Fulorida, ya sa mata suna Alligator, wato kada. Sojoji suka ga hotonta a mujalla a 1937, kafin 1941 ta zama kayan yaƙi.

Tsibirin Tarawa da ke tekun Fasifik ne ya nuna darajarta, a watan Nuwamban 1943. Duwatsun murjani sun kewaye tsibirin a ƙarƙashin ruwa. An yi lissafin teku za ta cika har jirage su wuce ta samansu, sai ta ƙi cika. Kadojin nan, kusan 125, suka hau kan duwatsun da sarƙarsu suka wuce. Sauran jiragen suka maƙale, sojojin cikinsu suka diro suna ratsa ruwa iya ƙirji, bindiga a sama, tafiyar ɗaruruwan mitoci, Japanawa na ta ɓarin wuta. Cikin kwana uku Amurka ta rasa kimanin mutum dubu. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara tambayar amfanin motar da ke iyo.

Wadda muka gani a wayar jikanyar Alligator ɗin nan ce, ana kiranta AAV-7, ta fara aiki a 1972. Nauyinta ya haura tan 25, tana ɗaukar soja ashirin da ɗoriya ban da matuƙa uku, a ruwa kuwa ba ta wuce kilomita 13 a awa. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne cikinta: duhu, warin gazuwal, mutane a matse gwiwa da gwiwa, ruwa yana tsiyayowa ta kafofi, famfuna suna zuƙe shi suna fitarwa. Ran kowa yana rataye a kan waɗannan famfuna. Shi ya sa horon yake da tsanani. Direba yana koyon fuskantar igiyar ruwa kai tsaye, don in ta same shi ta gefe sai ta kifar da shi. Sojojin kuma ana cusa su cikin wani akwati mai siffar motar, a nutsar da shi a tafkin horo, a juya shi ƙafa sama, kowa ya lalubo ƙofa ya fita.

Ranar 30 ga Yulin 2020, kusa da tsibirin San Clemente a Kalifoniya, ɗaya ta nutse da mutum 16 a lokacin atisaye, tara suka mutu. Bincike ya gano motocin ba su da ƙoshin lafiya, ba a ajiye jirgin ceto kusa ba, kuma da yawa cikin yaran ba su kammala horon fita daga ƙarƙashin ruwa ba. Ta daɗe tana shan ruwa kafin ta tafi, lokacin da ya isa a kwashe kowa. A ganina wannan ya fi Tarawa ciwo, domin babu maƙiyi ko ɗaya a wurin. Sabuwar da ta gaje ta, ACV mai taya takwas, ita ma ta kife a bakin teku a 2022, har aka mayar da direbobi makaranta, saboda hannunsu ya saba da sarƙa, taya kuwa halinta daban a cikin igiyar ruwa.

Nijar ba ta da teku, amma tana da Tafkin Cadi, kuma motocin soja da ke bi ta Damagaram zuwa Difa can suka nufa. A watan Afrilun 2015 Boko Haram ta auka wa tsibirin Karamga, gwamnati ta ce soja 46 da farar hula 28 suka rasu. A Maris na 2020 Cadi ta rasa kusan soja ɗari a Bohoma. Tafkin ba shi da zurfi, ga laka, ga ciyayi sun fi mutum tsayi, ga tsibirai da ke ɓullowa su ɓace gwargwadon ruwan shekara. Motar tan 25 ba ta da tabbas a irin wannan wuri. Kwalekwale mai inji ke aiki, da masunci ko ɗan ƙabilar Buduma, mazauna tafkin, da ya san wace hanya ke ɓullewa, da sojan da zai iya faɗawa ruwa da kayansa ya fito.

Da aka zuba shayi na uku, dattijon ya dubi yaron ya ce, "Kai da kake son shiga soja, ka iya iyo?" Ya ce yana ɗan taɓawa a kududdufin bayan unguwa in damina ta yi kyau. Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Da takalmi da bindiga fa?"