Kuɗin aikin bishara a Cocin Ingila: wa ke nema, wa ke samu?

Cocin Ingila yana da hukumar da ke riƙe masa dukiya, ana ce mata Church Commissioners, an kafa ta a 1948. Gonaki ne da dazuzzuka da gidaje a Landan da hannayen jari, abin da ya haura fam biliyan 10. Daga ribar wannan dukiya ake yankar tallafin aikin bishara. Mutanenmu na Angilika a Wusasa ko Kaduna kada su sa rai: cocin Najeriya ya tsaya da ƙafarsa tun 1979, wannan tsari na ikilisiyoyin Cocin Ingila ne.

A da, lissafi ake yi kawai, dayosis (wato yankin ikilisiyoyin da ke ƙarƙashin bishop guda) mai ƙaramin ƙarfi ta karɓi kasonta ba sai ta roƙa ba. A 2017 aka raba kuɗin gida biyu. Kashi ɗaya har yanzu da lissafi ake raba shi, yana tafiya yankunan da talauci ya fi yawa. Ɗaya kashin kuwa sai an nema a rubuce, an faɗi aikin da za a yi, da shekarun da zai ɗauka, da yawan mutanen da ake sa ran za su shigo coci a dalilinsa. A 2023 an sake wa shirin suna da kwamiti, amma sharaɗin neman yana nan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne, ikilisiya ba ta rubuta wa hedkwatar cocin a Landan da kanta. Dayosis ce ke nema, su 42 ne. Ka ɗauki limamin wani coci da ke son buɗe wurin ciyar da yaran unguwa bayan an tashi makaranta. Sai ya fara shawo kan bishop da mutanensa su sa aikin cikin babban shirin dayosis. In ba su sa ba, magana ta ƙare, komai kyan aikin.

In kuɗin ya zo kuma, da igiya a wuyansa yake zuwa. A dokar Ingila, majalisar kowace ikilisiya ƙungiyar agaji ce, kuma kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai ba a karkatar da shi. An ba ku na albashin mai kula da matasa, sai rufi ya fara yoyo a kan bencina, ma'aji yana kallon kuɗin a asusu amma ba shi da ikon taɓawa. A littafin kuɗi ma layinsa daban. Ikilisiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 100,000 a shekara dole ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji.

Shin tsarin ya biya buƙata? Binciken da masanin tattalin arziki Sir Robert Chote ya jagoranta a 2022 ya ce an sa ran sababbin masu bi kusan 89,000, waɗanda aka ƙirga zuwa lokacin ba su kai 13,000 ba, ko da yake ayyuka da yawa ba a kammala su ba tukuna. Tun 2021 ƙungiyar Save the Parish, mai fafutukar kare ikilisiyoyi, ke kukan cewa manyan cocin birni sun kwashe romon, a ƙauye kuwa limami guda na zagaya coci biyar ko shida. A ganina kukansu yana da tushe, don wanda ya iya rubuta takardar nema ba lallai shi ne ya fi buƙata ba, kuma cocin ƙauye mai tsofaffi goma sha biyu ba shi da wanda zai zauna ya cika wa dayosis shafuka.