Gyaran koramar cikin gari

Gyaran koramar cikin gari aiki ne na daidaita hanyar ruwan da ta ratsa unguwa bayan zaizayar ƙasa ta zurfafa ta, ta cinye gaɓoɓinta, ta mai da ita kwazazzabo. Abin da ake nema shi ne ruwan damina ya wuce ba tare da ya tafi da ƙasa, ko katanga, ko kabari ba. A garuruwan Kebbi da Zamfara yawancin irin waɗannan koramu busassu ne wata bakwai ko takwas a shekara, har yara na buga ƙwallo a cikin yashinsu. Ɓarnar duk a 'yan makonni ake yin ta, galibi tsakanin Yuli da Satumba.

Yadda korama ke lalacewa

Gona ko daji na shanye kaso mai yawa na ruwan sama. Unguwa ba ta sha. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, zai zubo da lita 3,000, wato duro 15. A lissafa da gidaje ɗari biyar, a ƙara da kwalta da tsakar gida da aka dafe da siminti. Duk wannan ruwa cikin ƙasa da sa'a guda yake isa koramar da a da take karɓarsa sannu a hankali. Idan kuma saurin ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi ninkawa huɗu yake yi.

Kwazazzabo da baya yake tafiya. Ruwa na faɗowa daga wani ɗan tsauni a cikin korama, sau da yawa a bakin kwalbati ko ƙarshen lambatu, ya haƙe gindin wurin, saman ya rasa abin dogaro ya rufta, sai gaɓar ta matsa sama. Haka zai yi ta hawa kowace damina har ya iso bayan gidan wani. Ɗibar yashi da tifa na ƙara zurfafa ƙasan korama, shara da leda kuma su toshe kwalbati ruwa ya nemi wata hanya.

Ƙasar wuri ma na da nata. Birnin Kebbi na zaune ne a kan rairayi da yumɓu, da marmara a bisa wasu tudduna, daga tudu kuma gangara ce zuwa fadamar gulbi. Da zarar ruwa ya huda ɓawon marmarar, abin da ke ƙasa ba ya da wata gardama. A Gusau dutse ne a ƙarƙashi, wanda kan hana ramin yin zurfi sosai a wasu wurare, sai ruwan ya koma cin gefe.

Yadda ake gyara

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika ramin da shara da ɓaraguzai. Ruwan farko mai ƙarfi zai kwashe su ya kai wa maƙwabtan gangare. Masana sun fi son a fara daga sama, inda ruwan ke taruwa: tankin tara ruwan indararo, barin wani sashe na tsakar gida ba siminti, da kiyaye kududdufai, waɗanda ke riƙe ruwa na ɗan lokaci. Cike kududdufi a yanka filaye ya jawo wa unguwanni da dama abin da ba su zata ba.

Daga nan sai kan kwazazzabon. Ana sassabe shi ya zama gangara, a shimfiɗa duwatsu ko a yi matakala, domin ruwa ya sauko maimakon ya faɗo.

Sai ƙasan korama, kuma nan ne aikin ya fi buƙatar ido. Ana gitta ƙananan madatsai na duwatsu, ko na kwandon waya da aka cika da duwatsu, waɗanda tsayinsu bai cika wuce mita ɗaya ba. Ba don su tare ruwa ake yin su ba, sai don su rage masa gudu, yashi ya kwanta a bayansu har ƙasan ya taso. Dole tsakiyar madatsa ta fi gefenta ƙasa, in ba haka ba ruwa zai zagaya ya ci gaɓa. Dole a cusa fikafikanta, wato gefenta biyu, cikin gaɓar, a kuma shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai sauka, don kada ya haƙe gindinta. Tazara kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce saman madatsar ƙasa ya yi daidai da gindin ta sama. Ƙanana goma sun fi babba ɗaya, domin idan babba ta fashe da komai take tafiya. Buhunan yashi na taimakawa a damina ɗaya, amma rana na cinye su.

Gaɓa ita ce ta ƙarshe. A kwantar da ita, sannan a dasa. Jema, wadda ake saƙa da ita, saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, kuma idan aka jera ta layi-layi tana tace laka. Gamba ma na riƙe ƙasa, aguwa ta yi shinge, bagaruwa ko dogon yaro su tsaya can baya, ba a bakin gaɓa ba, inda nauyinsu zai iya jawo rufta. Farkon damina ake dashe. Wanda ya dasa bai yi maganin awakin unguwa ba, ciyawa kawai ya kai musu.

Inda gidaje suka matse korama babu sarari, babu makawa sai babban lambatu na kankare. Shi ne kuma abin da jama'a suka fi roƙo, don ana ganinsa. Sai dai yana ƙara wa ruwa gudu, kuma idan ba a yi masa wurin karya ƙarfi a ƙarshensa ba, sabon rami zai buɗe daidai inda simintin ya tsaya.

Kuɗi da hukumomi

Najeriya na da Asusun Kula da Muhalli tun 1981. A 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin NEWMAP na yaƙi da zaizaya, wanda ya fara da jihohi bakwai na kudu kafin ya faɗaɗa. A ƙarshen 2021 bankin ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, har da Kebbi da Zamfara.

Abin da ya rage bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa na unguwa ne: yashe kwalbati kafin ruwan farko, duba wayar kwanduna bayan kowace ambaliya, da hana gini ko zuba shara a gaɓa. Wannan kan faɗa hannun mai unguwa da ƙungiyoyin matasa ta hanyar aikin gayya, yawanci a watan Mayu.