Ba Silhouette ne ya ƙirƙiro hoton inuwa ba

Ana yawan cewa Étienne de Silhouette ne ya ƙirƙiro hoton inuwa, wanda ake yanka baƙar takarda ta fito da fuskar mutum ta gefe. Sam, ana yinsa tun kafin ya yi suna. Shi ministan kuɗin Faransa ne a 1759, da yaƙi ya cinye baitulmali, ya tsuke bakin aljihu, ya ɗora wa attajirai haraji. Ko shekara bai yi a kujerar ba. Don ba'a sai aka laƙaba sunansa ga duk abu mai arha, har da wannan hoton. Kyamara ta karya kasuwarsa bayan 1839, amma Kara Walker, wata mai zane 'yar Amurka, da shi take fallasa zamanin bauta.