Tafiyar jirgin sama tsakanin Seoul da Tokyo

Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, da Tokyo, babban birnin Japan, nisan da ke tsakaninsu ta sama kusan kilomita 1,160 ne in an auna a miƙe. Jirgi yakan ci awa biyu da 'yan mintoci daga Seoul zuwa Tokyo, dawowa kuma ta fi ja kaɗan, takan kai awa biyu da rabi ko sama da haka. Dalili shi ne wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgin da ya nufi Japan, tana turje wa wanda ke dawowa, kuma lokacin hunturu ne ƙarfinta ya fi tsananta. Agogon biranen biyu ɗaya ne, ba sai ka gyara naka ba in ka sauka.

To amma gaskiyar magana awannin cikin jirgi ba su ne duk tafiyar ba, filin jirgin saman da mutum ya zaɓa shi ne babban lissafi, don kowane birni filaye biyu gare shi. Incheon da aka buɗe a 2001 yana can kan tsibiri wajen kilomita 50 yamma da Seoul, jirgin ƙasa na AREX mai sauri na ɗaukar minti 43 kafin ya kai tashar Seoul, shi kuma Narita da aka buɗe a 1978 yana lardin Chiba kusan kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo, jirgin ƙasa na Narita Express sai ya yi kusan awa guda da kai kana leƙen gonakin shinkafa ta taga kafin gidaje su fara cunkushewa. Haɗa da layin fasfo da jiran jaka, rabin yini ya tafi.

Shi ya sa hanyar filin Gimpo na Seoul zuwa filin Haneda na Tokyo take da daraja sosai, kuma wallahi ta cancanta. Dukkansu tsofaffin filaye ne da ke bakin gari, an fara wannan zirga-zirga a Nuwamba 2003, shekara guda bayan ƙasashen biyu sun haɗu sun karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2002. Ɗan kasuwa zai tashi da safe da 'yar jakar hannu, ya yi taronsa a Tokyo, dare ya same shi a gida. Daga Haneda jirgin ƙasa mai layi ɗaya, wanda ke aiki tun 1964, bai cika wuce minti 20 ba zuwa tashar Hamamatsucho da ke cikin birnin Tokyo. Korona ta tsayar da hanyar Gimpo zuwa Haneda a 2020, sai Yunin 2022 aka dawo da ita.

Korean Air da Asiana da Japan Airlines da ANA su ne manyan kamfanonin, masu arha irin su Jeju Air da Jin Air galibi ta Incheon da Narita suke bi.